Jiniya na kuka, lasifika na ihu, kurma fa wa zai gaya masa?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina son wanda ya san abin ya yi min bayani tsakani da Allah. 'Yata kurma ce tun haihuwa, yanzu ta girma ta fara kwana ɗakinta ita kaɗai, abin da ke hana ni barci shi ne idan gobara ta tashi cikin dare ko ruwa ya shigo gida ni ina wani ɗakin ko ma ba na gidan gaba ɗaya, me zai tashe ta? Duk gargaɗin da na sani na kunne ne, ƙararrawa, jiniya, mota mai lasifika, rediyo, ihun maƙwabta, bugun ƙofa, babu ko ɗaya da zai kai gare ta. Masu kurame a gida ya kuke yi? Su ma kuramen da ke nan dan Allah ku sa baki, kun fi mu sanin inda abin yake ciwo.

Abu Hanif: Wslm Maman Ilham. Ai yanzu waya ta gama komai, ki saya mata babbar waya ki sa mata a girgiza ta kwana da ita karkashin filo, duk abin da ya faru a kira ta ko a tura mata tes shikenan. Kuma in gobara ce ai hayaki yana da wari, shi ma zai tashe ta

Baba Ɗanjuma: Abu Hanif ka yi haƙuri in tare ka a nan, aikin kwana-kwana na yi har na yi ritaya. Maganar cewa warin hayaki zai tashi mai barci ita ce ta fi kowace magana kashe mutane. Hanci ba ya gadi in mutum ya yi nisa a barci, kuma iskar da ke cikin hayaƙin ƙara nutsar da mutum take yi, yawancin waɗanda muke fitowa da su ba wuta ce ta taɓa su ba, hayaƙi ne ya gama da su a kan gadonsu. Sannan kayan ɗakin yanzu soso ne da roba da leda, minti 2 zuwa 3 ɗaki ya cika da baƙin hayaƙi ba ka ganin tafin hannunka. Waya a ƙarƙashin filo kuma in tana caji ita kanta tana iya zama sanadin wutar, kar a koya wa yarinya wannan.

Abu Hanif: To Baba na ji ta hayaki, amma wayar fa? in ba a caji take ba ai babu matsala

Sadiya K.: Ni kurma ce, bari in amsa maka Malam Abu. Wa zai kira ni? Wanda ke gudun ceton ransa da yara a hannu shi zai tsaya neman lambata? Kuma waya tana girgiza sau da yawa a dare saboda saƙonnin banza, jiki ya saba, ba ya tashi. Girgizar gobara da girgizar saƙon talla duk iri ɗaya ce a wajena. Abin da nake so shi ne abu ɗaya wanda in ya motsa na san haɗari ne, ba wani abu ba.

Injiniya Bashir: Abin da Sadiya ta faɗa akwai shi, aikina kenan haɗa irin waɗannan na'urori a gine-gine, bari in ɗan tsawaita dan abin yana da rassa. Na farko dole a raba kurma wanda ba ya ji sam da mai ƙarancin ji, maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙararrawar hayaƙi da aka saba sakawa a silin ƙararta siririya ce mai tsini, wajen hertz 3,000 a ma'aunin kaurin sauti da sirantarsa, to kuma irin wannan siririn sautin shi ne farkon abin da kunne ke rasawa in mutum ya fara tsufa ko hayaniyar injin ta cinye masa ji, shi ya sa za ka ga dattijo yana jin ƙarar babbar mota daga nesa amma ƙararrawa na tsuwa a saman kansa bai sani ba. A 2007 wasu masu bincike a jami'ar Victoria da ke Ostireliya sun gwada wannan a kan masu ƙarancin ji suna barci. Sauti mai kauri na hertz 520 ya tashi sama da 9 cikin 10, ƙararrawar da aka saba ta tashi rabi da ɗan ɗori kawai, faifan da ake sawa ƙarƙashin katifa ko filo yana girgiza gado ya tashi kamar 8 cikin 10, ita kuwa fitila mai walƙiya wadda kowa ke zaton ita ce maganin kurma ko 1 cikin 3 ba ta tasa ba. Saboda irin wannan binciken ne a Amurka dokar gini ta koma neman mai kaurin sautin a ɗakunan kwana irin na otal. Dan haka Maman Ilham ga 'yarki da ba ta ji sam, abin da za ki nema shi ne ƙararrawar hayaƙi mai haɗe da faifan girgiza gado, walƙiyar ta zama ƙari, ta yi amfani da rana ko in ta riga ta farka. Kuma ki tabbatar mai batir ce a ciki, dan sau da yawa wutar lantarki ita ke fara ɗaukewa in gobara ta tashi.

Malam Habu: Injiniya Allah ya saka da alheri, ka taɓo ni. Ni da na'urar ji nake yawo kunne biyu, da rana kowa na ganina kamar mai ji garau har wasu ba su san ina da matsala ba. Amma da dare cire su nake in ajiye, ba a kwana da su, to daga lokacin har asuba ni da Sadiya kusan ɗaya muke. Mutane irina sun fi yawa nesa ba kusa ba kuma mu ne ba a lissafawa, dan ba ma maganar hannu ba ma cikin ƙungiyar kurame, da yawanmu ma kunyar faɗa muke ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da rashin jin da ya kai a taimaka musu, kaso mai yawa tsofaffi ne.

Maman Ilham: Ngd sosai Injiniya. To amma wannan na gobarar cikin gida ne, idan abin daga waje ya taho fa, kamar ambaliya ko guguwa ko a ce kowa ya bar unguwa?

Injiniya Bashir: Nan kuma aikin hukuma ne Hajiya. Akwai tsarin da ake aika gargaɗi ta turakun sabis kai tsaye, duk wayar da ke ƙarƙashin turken za ta samu a lokaci guda, ba a buƙatar lambarka ba a buƙatar data, kuma cunkoson layi ba ya tare shi kamar yadda yake tare tes, yana zuwa da rubutu ya rufe fuskar waya da wata girgiza ta daban wadda ba irin ta sauran saƙonni ba. Amurka ta fara nata a 2012, Birtaniya ta gwada nata a duk ƙasar ranar 23 ga Afrilu 2023, Japan kuwa sun daɗe da shi saboda girgizar ƙasa. Ga kurma wannan ya fi jiniya sau dubu. Matsalarsa ba kowace ƙasa ke da shi ba kuma ƙananan wayoyi da tsofaffi ba duka ke karɓa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya zama gargaɗin gaggawa na iya kai masa, to in an ce kowa ai har da wanda ba ya ji.

Abu Hanif: To kun gani, ai maganata ce ta dawo, waya dai. In an rubuta an turo kowa ya karanta, a talabijin ma ai ana rubutu a kasa yana wucewa, me kuma ake nema

Nura Tafinta: Malam Abu a nan ne mafi yawan masu ji suke kuskure kuma da kyakkyawar niyya suke yinsa. Ni tafintan maganar hannu ne. Wanda ya kurumce da girma bayan ya iya magana da karatu, eh rubutu ya ishe shi. Amma wanda aka haifa kurma harshensa na farko maganar hannu ce, tana da nata tsarin da nata nahawun, rubutun da kake gani harshe na biyu ne a wajensa wanda bai taɓa jin sautinsa ba ko sau ɗaya, kuma sama da 9 cikin 10 na yara kurame iyayensu masu ji ne, da yawa sai sun kai shekarun makaranta kafin su samu wani harshe cikakke, wasu ma ba a kai su makarantar ba. To ka ɗauki wannan mutumin cikin firgici ka ba shi dogon rubutu irin na hukuma mai cewa ana shawartar mazauna yankunan da ke cikin kwari da su ƙaurace wa matsugunansu, yana gudu a ƙasan talabijin, kafin ya haɗa kalma uku ya wuce. Ba rashin basira ba ne, kai ma in aka rubuto maka da harshen da ka koya sama-sama haka za ka yi. Saƙon gaggawa kamata ya yi ya zama gajere, me ya faru, a ina, me zan yi, zuwa yaushe, da hoto ko taswira, sannan bidiyon maganar hannu ya biyo.

Sadiya K.: Gaskiya ne. Ni na yi karatu, ina karanta muku yanzu. Amma ƙawayena da yawa in an turo sanarwa hotonta suke ɗauka su turo min, ni in yi musu bidiyo da hannu. Wata rana ina barci, ko ba ni da data. To su jira ni?

Nura Tafinta: Kuma ko an kawo tafintan sai an kawo na gaske. A 2017 lokacin guguwar Irma, a wata ƙaramar hukuma a jihar Florida ta Amurka an tashi sanar da mutane su bar gidajensu, ba a tanadi tafinta ba sai aka jawo wani ma'aikaci dan kawai yana da ɗan'uwa kurma aka tsayar da shi gaban kyamara, ga shi da riga ruwan ɗorawa mai haske wadda ba a ganin hannu sosai a kanta, abin da ya riƙa yi da hannu ya haɗa da kalmomi irin su dodo da dabbar daji, babu ma'ana, mutane kuma na jiran su san ko su gudu ko su zauna. Kafin nan a Disamba 2013 wajen taron makokin Mandela duniya duka ta kalli wani yana wurga hannu kusa da shugabannin ƙasashe, kurame ne suka fara cewa wannan ba komai yake faɗa ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne masu ji da ke wurin babu wanda ya gane, dan haka babu wanda zai hana a maimaita in ba an sa kurame cikin masu tantancewa ba. Sannan ga masu kyamara, tafinta na tsaye a gefe sai a matso da hoto kan fuskar mai jawabi a yanke shi, ko a sa shi a ɗan akwati ƙarami a kusurwa tambarin tasha ya rufe rabinsa. Maganar hannu ba hannu kaɗai ba ce, gira da baki da kafaɗa duk suna cikin jimla, in ba a ganin fuska rabin maganar ta tafi.

Ummu Sultan: Ni abin da ban gane ba, ba maganar hannu daya ba ce a duniya? ba sai a dauko bidiyon wata kasa a nuna ba

Nura Tafinta: A'a 'yar'uwa, sun kai ɗaruruwa. Amurka da Ingila duk Turanci suke yi amma kurman Amurka da na Ingila in sun haɗu ba sa fahimtar juna kai tsaye, ko harrufan yatsu ma nasu daban, na Ingila hannu biyu na Amurka hannu ɗaya. A ƙasa ɗaya ma wanda ya yi makaranta da wanda ya tashi a gida da alamun da suka ƙirƙira shi da 'yan gidansu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa a wasu wuraren in sanarwa mai nauyi ce kurma ne ke tsayawa gaban kyamara, tafinta mai ji yana zaune a gabansa yana miƙa masa, shi kuma ya fitar da ita yadda kowane kurma zai gane.

Barista Zainab: Ina so in ƙara wani abu dan kar a ɗauka alfarma ake roƙo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, sashe na 11, ta ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu nauyin kare su a lokacin yaƙi da bala'i da duk wani halin haɗari, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun amince da ita. Lokacin korona an gwada wannan a kotu. A Amurka ƙungiyar kurame ta ƙasa ta kai fadar shugaban ƙasa ƙara a 2020 saboda ana bayanin cutar kullum babu tafinta, alƙali ya ba da umarni a sa. A Ingila ma wata kurma ta kai gwamnati ƙara kuma a 2021 kotu ta ce rashin tafinta a wasu zaman bayani guda biyu nuna bambanci ne, alhali a lokacin Scotland da Wales tafintansu na tsaye a bayan shugabanninsu. Kun ga ƙasashe masu kuɗi kenan sai da aka je kotu, dan haka ba maganar talauci ba ce kawai, mantawa ake yi da su tun wajen tsara abin.

Abu Hanif: Barista duk na ji amma mu yi maganar gaskiya, na'urar girgiza gado da turakun sabis da kotu, talaka mai da kurma ina zai samu wannan? Ni a ganina makwabta da 'yan gida su ne kawai, in Allah ya sa akwai mutanen kirki za su tuna da shi

Baba Ɗanjuma: Rabin maganarka gaskiya ce Abu, mutum ne matakin ƙarshe ko a ina. Inda na saɓa da kai shi ne kalmar za su tuna. Ba sa tunawa, ba dan mugunta ba, na ga uwa ta fito da gudu ta bar jaririnta sai a waje hankalinta ya dawo. In an bar wa kowa to ba a bar wa kowa ba, kowa zai ɗauka wani ya je. Abin da ke aiki shi ne a zauna tun lafiya lau a ce wane kai ne mai taso wane, in ba ka nan wane ne, in shi ma ba ya nan wance, mutum uku, kuma ɗaya daga ciki ya zama ba a gidan yake kwana ba. Sannan ƙofa. Kurma ya kulle ɗaki ta ciki da sakata ka yi ta bugu har hannunka ya fashe, dan haka wanda aka ɗora wa nauyin ya zama yana da makulli ko an san tagar da za a haska tocila ta ciki. Wannan bai buƙatar ko sisi.

Sadiya K.: Baba na yarda, amma a tambaye mu tukuna. Kar a zauna a yanke mana a ba wani makullin ɗakina ban sani ba, ni mace ce. Ni zan zaɓi wanda na yarda da shi. Kuma a koya masa yadda ake tashina. In ka shigo cikin duhu ka fizge ni zan ɗauka ɓarawo ne, zan yi kokawa da kai, lokaci ya tafi. Ka kunna fitila ka kashe ka kunna, ka dafa kafaɗata, ka haska fuskarka da hannunka ba idona ba, ka yi min alamar wuta ko ruwa, ka nuna hanya. Kuma ba kullum mu ake ceto ba. Mun fi ku lura da ido, ni na sha ganin abu kafin masu ji su ankara, in an koya mana mu ma za mu taso wasu.

Anti Rabi: Sadiya kin faɗi gaskiya ƙanwata. Ni nas ce na yi aiki a sansanin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, kuma abin da na gani shi ne fitowa da rai somin-taɓi ne, wahalar kurma a sansani take farawa. Komai da lasifika ake sanarwa, rabon abinci, rabon bargo, zuwan likita, rajistar sunaye, kar a sha ruwan rijiya kaza, motar da za ta kwashe mutane ta iso. Akwai wani bawan Allah da kullum shi ne ƙarshen layi wani lokacin ya tarar an gama, har ma'aikata suka fara cewa ba ya son bin doka, ashe kallon mutane yake in ya ga sun tashi ya bi su. Allo ɗaya da alli a bakin tanti da aka riƙa rubuta sanarwa da zane ya gyara rabin matsalar. Mu kuma ma'aikatan lafiya ga takunkumi a baki, wanda ke karanta leɓe mun rufe masa ƙofa, ko ba takunkumi ma karatun leɓe yawancinsa cike gurbi ne dan sautuka da yawa iri ɗaya suke a leɓe, balle da dare balle mutum na cikin ruɗu. Kuma dan Allah a daina sa yaro ɗan shekara 8 ya yi wa uwarsa tafinta a gaban likita, akwai abin da uwa ba za ta faɗa ta bakin ɗanta ba.

Malam Habu: Anti ki ƙara da batir. Duk mai na'urar ji ya san ƙananan batiran nan kwanaki kawai suke yi, lambarsu 10 ko 312 ko 13 ko 675, kowace da kalar takardarta, kuma da ka ɓare takardar ya fara ci ko ba ka sa shi ba dan da iska yake aiki. A sansani wa zai ba ka? Masu kayan agaji ba sa zuwa da shi. Masu na caji da waɗanda aka yi wa dashen na'ura a kunne su kuma in babu wuta kwana ɗaya biyu sun koma shiru. Ni a jakata ta ko-ta-kwana akwai fakitin batir da ba a ɓare ba, fawa bank, robar da ruwa ba ya shiga dan na'urar ba ta shiri da ruwa, tocila, ƙaramin littafi da biro, da kati da na rubuta ba na ji sosai, ka fuskance ni ko ka rubuta min. Jakar kusa da gado take ba cikin sif ba.

Baba Ɗanjuma: Malam Habu ka sa usur a ciki. Dalili, in gini ya rufta masu ceto kashe injina suke yi a ce kowa ya yi tsit sannan a ƙwala kira ko akwai mai jina, a saurara. Duk wanda ya kalli girgizar ƙasar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023 ya ga haka. To kurma da ke ƙarƙashi bai san an yi tsit ba bai san yanzu ne lokacin amsawa ba, dan haka abin da ake koya masa shi ne kar ya jira kira, ya riƙa busa usur ko buga ƙarfe ko bango sau uku uku yana hutawa yana sakewa, in ya ji girgizar injin ta tsaya a jikinsa to lokacin ne ma ya fi kamata ya buga. Mu ma a namu ɓangaren in an gaya mana akwai kurma a ciki ba ma ɓata lokaci da kira, ɗaki ɗaki muke bi da fitila. Shi ya sa duk wanda ya fara isa wajen masu ceto ya faɗa musu nan take.

Ummu Sultan: Subhanallah wlh ban taba tunanin wannan ba. To shi kurman in shi ne ya fara ganin gobarar ya zai kira 'yan kwana-kwana?

Injiniya Bashir: Ya danganta da ƙasa. Faransa suna da lamba 114 tun 2011 ta kurame ce musamman ana tura mata tes. A Birtaniya kana rajistar lambarka tun kafin buƙata sai ka riƙa tura tes zuwa 999, a 2022 kuma suka ƙara kiran bidiyo da tafinta ke ɗauka dare da rana. Amurka wurare da yawa ana tura tes zuwa 911 amma ba ko'ina ba. Inda babu irin wannan dabarar ita ce a rubuta saƙon tun yanzu a ajiye a waya, ni kurma ne, gobara a gida kaza layi kaza, a kira min 'yan kwana-kwana, da mutum biyu uku da aka yi yarjejeniya da su cewa in sun ga wannan saƙon ba tambaya kira kawai za su yi. Af, na manta, iPhone da Android duk suna da wurin da za ka kunna waya ta riƙa sauraron ƙararrawar hayaƙi ko jiniya ko kukan jariri ta yi maka girgiza da walƙiya, yana cikin saitin masu buƙata ta musamman, yana da amfani amma su kansu masu wayar sun ce kar a dogara da shi a inda rai ke cikin haɗari, yana kuskure kuma yana shan caji.

Barista Zainab: Abin da ya sa nake ganin maganar nan ba ƙarama ba ce, bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan da ta afka wa Japan ranar 11 ga Maris 2011, tashar NHK ta bi alƙaluman garuruwan da abin ya shafa ta gano cewa yawan mutuwa a cikin masu naƙasa ya kai kusan ninki biyu na sauran jama'a. Japan fa, inda yara ke atisayen girgizar ƙasa tun suna firamare. Gargaɗin ruwan da lasifikokin gari aka yi ta yinsa, wuta ta ɗauke talabijin ya mutu, wanda bai ji ba kuma babu wanda ya ja hannunsa bai san ruwa na tafe ba.

Nura Tafinta: Kuma atisayen nan shi ne inda ake gane gaskiya. Makarantu da ofisoshi da yawa suna yinsa amma sai a gaya wa kurman tun da safe cewa yau ƙarfe kaza za a kaɗa ƙararrawa ka bi mutane, to me aka gwada? Ranar gaske yana banɗaki shi kaɗai ko yana sito ya juya baya. A yi shi ba sanarwa a ga ko labari zai kai masa da kuma minti nawa zai ɗauka. Sannan kar mu manta da waɗanda ba sa ji kuma ba sa gani, su akwai alamar da aka sani a tsakaninsu a ƙasashe da dama, ka zana babban X da yatsa a bayansa, ma'anarta haɗari ne bi ni yanzu bayani sai mun fita. Baba Ɗanjuma ina da shawara, ku masu aikin ceto ku faɗa mana kalmomin da kuka fi buƙata a minti na farko, mu yi gajerun bidiyo na alamunsu a raba wa ma'aikata da maƙwabta.

Baba Ɗanjuma: Madalla. Wuta, ruwa, fita, bi ni, tsaya nan, sunkuya ƙasa, ina ke maka ciwo, kana shan wani magani. Sai wadda ta fi duka a wajenmu, akwai saura a ciki, mutum nawa, wane ɗaki.

Sadiya K.: Malam Nura ni da ƙawayena biyu za mu tsaya a bidiyon, kai ka sa murya da rubutu. A yi shi a bango mara ado da haske sosai, kowane kar ya wuce daƙiƙa 10 dan ya buɗe ko sabis ba ƙarfi. Baba ka ƙara guda ɗaya, ni ma'aikacin ceto ne. Cikin hayaƙi da hular nan da abin rufe fuska ba ma gane ku.

Baba Ɗanjuma: An ƙara 'yata. Ku turo min na farkon in kai wa yaran da ke bakin aiki yanzu su gwada da safar hannu a hannunsu, dan safarmu kauri gare ta, wata alamar ba za ta fito ba sai an sauya ta.